Ƙaura a jihar New York: yadda wasu gundumomi ke samun jama'a, wasu ke rasawa

Jihar New York da ke arewa maso gabashin Amurka tana da gundumomi 62. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 20,201,249 a cikinta, ƙari a kan 19,378,102 na shekarar 2010. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma biyu zai ɗauka cewa jihar duka tana haɓaka. Amma a cikin waɗannan shekaru goma, fiye da rabin gundumominta raguwa suka yi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarin da aka samu a birnin New York kaɗai ya faru. Babban abin da ya raba gundumomin shi ne ƙaura: wa ke shigowa, wa ke fita, daga ina, zuwa ina, kuma a wane shekaru na rayuwarsa.

Gunduma a Amurka ita ce matakin mulki da ke ƙarƙashin jiha. Ta yi kusa da gunduma a Nijar, ko ƙaramar hukuma a Najeriya, sai dai girmansu ya bambanta ƙwarai. Gundumar Kings, wato Brooklyn, tana da mutum 2,736,074 a 2020. Gundumar Hamilton da ke cikin duwatsun Adirondack tana da 5,107. Shi kansa birnin New York gundumomi biyar ne: Bronx, Kings, Queens, Richmond wato tsibirin Staten, da gundumar New York wato Manhattan.

Yadda ake lissafin

Yawan jama'ar kowane wuri yana canzawa ne ta hanya biyu. Ta farko ita ce haihuwa da mutuwa. Ta biyu ita ce shiga da fita. Idan aka ɗebe adadin waɗanda suka bar gunduma daga adadin waɗanda suka shigo cikinta a shekara guda, abin da ya rage shi ne ragowar ƙaura, wanda a Faransanci ake kira solde migratoire. Idan masu shigowa sun fi yawa, gundumar ta ci riba. Idan masu fita ne suka fi yawa, ta sami giɓi.

Domin a iya kwatanta babbar gunduma da ƙarama, ana raba wannan ragowa da yawan mazauna, a ninka da dubu. Sakamakon shi ne ma'aunin ragowar ƙaura a cikin kowane mutum dubu. Daga Yulin 2020 zuwa Yulin 2021, ƙiyasin farko na Hukumar Ƙidaya ta Amurka ya nuna gundumar Los Angeles ta jihar California ta yi giɓin mutum 179,757 a ƙaurar cikin gida, Manhattan kuma 113,642. A adadi Los Angeles ce a gaba. Amma mazaunanta kusan miliyan 10 ne, don haka giɓinta bai wuce 18 a cikin dubu ba, yayin da na Manhattan, mai mutum miliyan 1.7, ya kai kusan 67 a cikin dubu. A ɗaya gefen kuma, idan mutum 50 kacal suka bar gundumar Hamilton ba a maye gurbinsu ba, giɓinta ya kusa 10 a cikin dubu. Shi ya sa ma'aunin ƙananan gundumomi kan yi tsalle sama da ƙasa daga shekara zuwa shekara.

Ana kuma raba lissafin gida biyu. Ƙaurar cikin gida ta ƙunshi duk wanda ya tashi daga wata gunduma ta Amurka zuwa wata, ko a jiha ɗaya suke ko a'a. Ƙaurar ƙasa da ƙasa ta ƙunshi masu zuwa daga waje da masu komawa waje. A nan akwai abin lura. Ba a duba asalin mutum, ana duba inda ya taso ne. Ɗan Kumasi da ya sauka a Bronx bana, an lissafa shi cikin ƙaurar ƙasa da ƙasa. Idan bayan shekara uku ya kwashe iyalinsa ya koma jihar Ohio, to ya shiga lissafin ƙaurar cikin gida, a matsayin giɓi ga Bronx.

Inda alƙaluman ke fitowa

Amurka ba ta da rajistar mazauna da ke tilasta wa mutum sanar da hukuma idan ya sauya gari. Saboda haka ƙiyasi ake yi. Tsakanin ƙidaya da ƙidaya, wadda ake yi duk shekara goma, Hukumar Ƙidaya tana fitar da alƙaluman gundumomi kowace shekara. Haihuwa da mutuwa tana samunsu daga takardun hukumomin lafiya. Ƙaurar cikin gida tana gano ta ne ta hanyar kwatanta adireshin da mutane suka rubuta a takardar haraji ta bana da ta bara, da kuma rajistar inshorar lafiya ta Medicare ga masu shekara 65 zuwa sama. Ƙaurar ƙasa da ƙasa kuwa tana dogara ne galibi da wani binciken gida-gida da ake yi duk shekara, inda ake tambayar mutum ina yake zaune shekara guda da ta wuce.

Akwai hanya ta biyu da masana ke bi don shekaru goma-goma. Sukan ɗauki yawan jama'a na ƙidayar farko, su ƙara haihuwa, su ɗebe mutuwa, sannan su kwatanta da abin da ƙidaya ta gaba ta samu. Bambancin sai a ɗora shi a kan ƙaura. Da wannan hanya ce masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka tara alƙaluman kowace gunduma bisa shekarun mutane tun daga 1950.

Kowace hanya tana da rauni. Wanda ba ya cika takardar haraji ba ya fitowa sosai a ta farko. A ta biyu kuma duk kuskuren da ƙidaya ta yi yakan koma kamar ƙaura ce. Ƙiyasin 2019 ya ce mazauna birnin New York kusan miliyan 8.3 ne, kuma suna raguwa. Da aka yi ƙidaya shekara guda bayan haka sai aka sami 8,804,190.

Birnin New York: ƙofar shiga, ƙofar fita

Tun shekaru da dama tsarin birnin iri ɗaya ne. Yana yin giɓi babba a ƙaurar cikin gida, yana cin riba a ƙaurar ƙasa da ƙasa, sannan haihuwa tana fin mutuwa yawa. Matasa suna shigowa daga sauran jihohi da ƙasashen waje neman aiki da karatu. Da sun yi aure, yara sun fara yawa, kuɗin haya ya yi nauyi, sai da yawa su fita zuwa kewayen birni ko jihohin New Jersey, Connecticut da Pennsylvania. Masu ritaya kuma suna nufar kudu, musamman Florida, inda babu sanyin hunturu kuma jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga.

Idan baƙi daga waje suka ragu, ko masu fita suka yi yawa fiye da kima, nan take birnin ke ramewa. Haka ta faru tsakanin 1970 da 1980, lokacin da masana'antu suka rufe, gwamnatin birnin ta kusa tsiyacewa, gobara kuma ta cinye unguwanni a kudancin Bronx. Mazauna birnin suka sauka daga 7,894,862 zuwa 7,071,639. Bronx kaɗai ta rasa fiye da mutum 300,000. Abin da ya sake cika gidajen shi ne baƙin da dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe wa hanya, daga yankin Karebiyan, Latin Amurka, Asiya, daga baya kuma Afirka. Sai a 2020 Bronx ta dawo adadinta na 1970, da mutum 1,472,654. A yau kusan rabin mazauna Queens a wata ƙasa aka haife su, a Bronx kuma kusan kashi ɗaya cikin uku.

'Yan Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka cike wannan gurbi. A shekarun 1980 da farkon 1990, 'yan kasuwa daga Nijar, Hausawa da Zabarmawa, da na Senegal da Mali, sun baza kaya a bakin titi na 125 a Harlem, har zuwa Oktoban 1994 da hukumar birnin ta tashe su zuwa wata kasuwa a titi na 116. Masanin halayyar al'umma Paul Stoller ya rubuta littafi a kansu a 2002. Bronx kuwa ta zama babbar matattarar 'yan Ghana a Amurka, cikinsu har da Hausawan zango na Accra da Kumasi, tare da 'yan Gambiya, Gini da Mali, a unguwanni irin su Highbridge, Morrisania da Tremont. Duk da haka Bronx tana cikin gundumomin da suka fi yin giɓi a ƙaurar cikin gida. Wani ɓangare na masu fitar baƙin jiya ne da suka zauna da gindinsu, suka tara abin sayen gida a garin da ya fi araha.

Kewayen birni

Gundumomin da ke zagaye da birnin su ne suka fara cin ribar masu fita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gundumar Nassau da ke tsibirin Long Island ta tashi daga mutum 672,765 a 1950 zuwa 1,300,171 a 1960. A can ne aka gina Levittown, gidaje fiye da 17,000 iri ɗaya a kan tsoffin gonakin dankali, waɗanda a farko aka hana baƙar fata saye. Da filin Nassau ya ƙare sai guguwar ta wuce Suffolk. A yau waɗannan gundumomi suna karɓar iyalai daga Queens da Brooklyn, amma suna rasa matasansu da tsofaffinsu saboda tsadar gidaje da harajin gida, don haka ragowar ƙaurarsu ba ta da yawa.

Rockland da Orange, a arewa da birnin, suna koyar da wani darasi dabam. Rockland ta ƙaru daga 311,687 zuwa 338,329 tsakanin 2010 da 2020, Orange kuma daga 372,813 zuwa 401,310. Babban ɓangare na wannan ƙari haihuwa ce, saboda al'ummomin Yahudawa masu riƙon addini sosai a wurare irin su Monsey da Kiryas Joel, inda iyali ke da 'ya'ya da yawa. Ke nan ƙaruwar jama'a ba kullum take nufin mutane na tururuwa zuwa wuri ba.

Tsoffin garuruwan masana'antu

Daga Albany zuwa Buffalo akwai jerin garuruwa da mashigin ruwan Erie, wanda aka buɗe a 1825, ya raya. Su ne suka fi daɗewa cikin giɓi. Buffalo, hedikwatar gundumar Erie, tana da mutum 580,132 a 1950. A 1959 aka buɗe hanyar jiragen ruwa ta kogin Saint Lawrence, jiragen hatsi suka daina tsayawa a tasharta. A farkon shekarun 1980 babbar masana'antar ƙarfe ta Bethlehem Steel da ke Lackawanna ta rufe yawancin ayyukanta. Zuwa 2010 mazauna Buffalo sun koma 261,310, ƙasa da rabi. Gundumar Broome, inda kamfanin takalma na Endicott-Johnson da kamfanin IBM suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, ta sauka daga sama da 220,000 a 1970 zuwa 198,683 a 2020.

Sai dai a wasu daga cikin garuruwan nan baƙi sun sauya lissafi. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 278,349 a Buffalo, karo na farko da garin ya ƙaru cikin shekara 70. 'Yan gudun hijira daga Myanmar, Somaliya, Iraƙi da Bhutan sun taimaka, haka ma 'yan Bangladesh da suka baro birnin New York suka sayi tsoffin gidaje da araha a gabashin garin. A lissafi, na farkon ƙaurar ƙasa da ƙasa ne, na biyun ƙaurar cikin gida. Utica, a gundumar Oneida, ta faɗo daga kusan 100,000 a 1960 zuwa kusan 60,000 a 2000, sannan ta farfaɗo zuwa 65,283 a 2020 bayan ta karɓi dubban 'yan Bosniya da 'yan Myanmar. Irin wannan riba ta rataya ne a kan adadin 'yan gudun hijirar da shugaban ƙasa ke amincewa da shi kowace shekara. Idan Washington ta rage adadin, Utica da Buffalo ne ke fara ji a jikinsu.

Gundumar Saratoga, arewa da Albany, tana cikin ƙalilan da ke cin riba a ƙaurar cikin gida shekara da shekaru. Ta tashi daga 219,607 zuwa 235,509. Ma'aikatan gwamnatin jiha suna zama a can suna zuwa aiki Albany, kuma kamfanin GlobalFoundries ya kafa masana'antar ƙera ƙwaƙwalwar na'urori a garin Malta.

Karkara

A gundumomin noma da kiwon shanun madara, da na kan iyakar Pennsylvania da Kanada, giɓin ba ya zuwa da hayaniya. Yaro ya gama sakandare, ya tafi jami'a ko aikin soja, bai dawo ba. Alƙaluman ƙaura bisa shekaru suna nuna rami mai zurfi tsakanin shekara 20 da 29 a irin waɗannan wurare. Tun da masu shekarun haihuwa ne ke tafiya, bayan wani lokaci haihuwa ma sai ta ragu, har mutuwa ta fi ta yawa. Daga nan gunduma tana raguwa ta hanyoyin biyu a lokaci guda. Schoharie ta sauka daga 32,749 zuwa 29,714, wato raguwar sama da kashi 9 cikin ɗari, kuma ambaliyar guguwar Irene ta Agustan 2011, wadda ta lalata gidaje da gonaki a kwarin, ta ƙara tura mutane waje. Chemung, inda garin Elmira yake, ta sauka daga 88,830 zuwa 84,148.

Gundumomin da ke rikita lissafi

Wasu wurare ma'auninsu yana bin umarnin wata hukuma ce guda. A gundumar Jefferson akwai barikin Fort Drum. Idan aka kawo bataliya ko aka kwashe ta, dubban sojoji da iyalansu ke motsawa lokaci guda, kuma sojan da aka tura ƙetare ko ya dawo yana shiga lissafin ƙaurar ƙasa da ƙasa. Tompkins, gidan Jami'ar Cornell, tana cin riba mai yawa a masu shekara 18 zuwa 22, ta yi giɓi kusan daidai da haka idan sun kammala. Ƙidaya kuma tana lissafa fursuna a inda aka tsare shi. Gundumomin arewa irin su Franklin da Clinton suna da manyan gidajen yari, mazaunansu da yawa 'yan birnin New York. Tun daga 2011 jihar ta rufe gidajen yari fiye da 20, kuma duk inda aka rufe, jama'ar gundumar takan ragu a takarda, ma'aikata kuma su nemi wani wuri.

Annobar korona da abin da ya biyo baya

Daga Yulin 2020 zuwa Yulin 2021 jihar ta yi giɓin mutum 352,185 a ƙaurar cikin gida, kusan 17 a cikin dubu, a daidai lokacin da aka taƙaita shigowa daga waje. Yawancin giɓin daga birnin ya fito. Manhattan ta rasa kashi 6.6 cikin ɗari na mazaunanta a shekara guda. Masu aikin ofis da aka yarje wa yin aiki daga gida ta intanet sun koma gundumomin kwarin Hudson da duwatsun Catskill, irin su Ulster, Columbia, Greene da Sullivan, waɗanda a da ba sa ƙaruwa. Farashin gidaje da haya ya tashi har birnin Kingston ya kafa dokar ƙayyade haya a 2022.

Guguwar ba ta daɗe ba. A shekarar da ta biyo baya Manhattan ta ci 'yar riba ta mutum 2,908 a ƙaurar cikin gida. A wannan sanarwa ce kuma hukumar ta gyara giɓin bara daga 113,642 zuwa 98,566, abin da ke nuna cewa alƙaluman shekara guda ba tabbatattu ba ne sai an sake duba su.

Daga bazarar 2022 kuma masu neman mafaka fiye da 200,000 suka iso birnin, yawancinsu daga Latin Amurka, tare da dubbai daga Senegal, Muritaniya da Gini. Wata yarjejeniyar kotu ta 1981 ta wajabta wa birnin bai wa marar gida wurin kwana. Da hukumar birnin ta yi yunƙurin kai wasunsu otel-otel a wajen gari a Mayun 2023, gundumomin Rockland da Orange suka ayyana dokar ta-ɓaci don hanawa. Bayan Hukumar Ƙidaya ta gyara hanyar lissafinta don ta haɗa da irin waɗannan baƙi, ƙiyasinta ya nuna birnin ya ƙaru da kimanin 87,000 daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024, ya kai kusan miliyan 8.48, har yanzu ƙasa da adadin 2020.

Abin da ke rataye a kan alƙaluman

Kujerun Majalisar Wakilan Amurka 435 ana raba su ne bisa yawan jama'a. New York tana da 45 a shekarun 1940, kuma tun ƙidayar 1950 take rasa kujera a kowace ƙidaya. A 2020 ta sauka daga 27 zuwa 26. Da an ƙidaya ƙarin mutum 89 a jihar, da kujerar ba ta tafi Minnesota ba. A cikin jihar ma, idan aka sake shata mazaɓu, ƙarfin siyasa yana barin gundumomin da ke raguwa. Kuɗin tarayya na makarantu, hanyoyi da lafiya da yawa suna bin yawan jama'a. Gundumar da ke giɓi takan haɗe makarantu, asibitinta ya rufe ɗakin haihuwa, harajin gida ya yi nauyi a kan waɗanda suka rage. Wadda ke riba kuma tana fama da tsadar haya da cunkoson azuzuwa.

Ƙidayar Amurka tana lissafa duk mazaunin ƙasar, da mai takarda da marar takarda, kuma doka ta hana hukumar miƙa bayanan mutum ga 'yan sanda ko jami'an shige da fice. Unguwar da mutanenta suka ƙi buɗe ƙofa ita ce ke rasa kasonta na shekara goma. Ƙidaya ta gaba a 2030 za a yi ta.

Ga mai karanta rahoton da ke cewa mutane na guduwa daga New York, ko suna tururuwa zuwa wata gunduma, tambayoyi huɗu sun isa su warware masa zancen: adadi ake magana ko ma'auni a cikin dubu, ƙaurar cikin gida ce kaɗai ko an haɗa da ta ƙasa da ƙasa, shekara guda ce ko goma, kuma akwai bariki, jami'a ko gidan yari a gundumar.